Magajiyar Lasifikokin Alhaji Tanimu

Kayan kiɗan zamanin nan sun san mai su. In ya rasu bai gabatar musu da magaji ba, sai su yi shiru har abada. Shi ya sa Alhaji Tanimu ya kira ƙanwarsa Tabawa.

"Yaya, ni da ko rediyo ban iya kunnawa ba?"

"'Ya'yana sayarwa za su yi, ke kuwa rawa. Ga lasifikokin nan, gaishe su!"

Ta russuna ta gaida lasifikokin. Nan take kalangu ya ɓarke. Ta ɗaure gyale a ƙugu ta cashe, yana tafi har da hawaye.

Kiɗa na tsayawa ta ji muryarsa: "Ƙara, Tabawa!"

Ta waiwaya. Alhaji ruwa yake sha; ashe daga lasifikokin muryar ta fito.

"Wato ko bayan ranka ba zan huta ba?" Ta gyara ɗaurin gyalenta.