Jinkar Iya Kande

Ɗan'uwa, tunda ka ce kai ba ka shiga aikin gayya don kada idon mutane ya cinye maka lada, gyara zama in ba ka labarin wani mai irin halinka.

A wani ƙauye an yi wani manomi, Habila, mai tsoron Allah ne ƙwarai, amma fa akwai shi da taurin kai. Ran nan a wurin sujada ya ji an karanta inda Ubangiji ya ce in za ka yi sadaka, kada hannun hagunka ya san abin da hannun damanka ke yi. Maganar ta shige shi, ya riƙe ta gam. To, a bayan gidansa akwai wata tsohuwa, Iya Kande, miji ya rasu, 'ya'ya sun yi nisa. Jinkar ɗakinta ta ruɓe, gara ta gama da ita, in ka shiga da rana sai ka ga haske dabbare-dabbare a ƙasa. Ga tari ya kama ta tun lokacin sanyi, ga damina ta ƙarato. Kullum a addu'ar safe sai an ambace ta, a ce amin, kowa ya saɓi fartanyarsa ya wuce. Habila ya ƙudura a ransa shi zai yi mata sabuwar jinka, kuma ko matarsa ba za ta ji ba.

Sai ya sami wani lungu can bayan gonarsa, ƙarƙashin mangwaro, inda ba mai bi. Ya saro gora ya ɗaura tsaiko, ya yanko shuci a fadama, ya baibaye shi tsaf. In matarsa ta ce, "Maigida, ina kake zuwa da lauje kullum, alhali ba girbi ake yi ba?" sai ya ce gona yake zagayawa. Jinka ta yi kyau, har shi kansa yakan tsaya yana kallonta. Sai da ya gama sannan ya tuna abin da ko yaro ya sani: a ƙasa ake yin jinka, amma a kan bango take zama. Ya shiga ƙarƙashi ya sa kafaɗa, ko gezau. Ya sa gungume ya banƙara, bayansa ya amsa, ya kwana biyu yana tafiya a duƙe. Duk da haka gogan naka bai kira kowa ba. Yana ta roƙon Allah ya ba shi dabara, alhali dabarar tana can zaune a gindin tsamiya, inda mazan gari ke hira suna ɓarar gyaɗa.

Ana nan sai ruwan farko ya sauko da la'asar, mai iska. Da ya ɗauke, Habila ya leƙa gidan tsohuwa. Ya same ta a rakuɓe jikin bango, ta kifa ƙwarya a ka, tabarma sharkaf, ɗan garin tuwonta ya zama kunu, tana tari kamar ƙirjin zai tsage. Ba ta yi ƙorafi ba, sai ma ta ce, "Sannu da ruwa, ɗana. Allah ya ba mu damina mai albarka." Wannan gaisuwa ta fi masa mari zafi. Ya ga yana can yana gadin ladansa, ruwa na dukan baiwar Allah, jinkarta kuwa na daji tana yi wa kiyashi inuwa. Kunya ta rufe shi, har hawaye ya zubo masa.

Daga nan bai zame ko'ina ba sai gindin tsamiya, ya kwashe labari duka ya faɗa. Wani dattijon ikilisiya ya dube shi ya ce, "Haba Habila, Mulkin Saman kai kaɗai za ka shiga? Ka hana mu lada, ka hana tsohuwa barci." Kashegari da sassafe maza suka fito, har da Malam Sule maƙeri, wanda shi masallaci yake zuwa, ya ce ai Iya Kande ta goye shi yana jariri. Suka sauke ruɓaɓɓiyar, suka je daji suka shige ƙarƙashin sabuwar, aka ce a ɗaga, ta tashi kamar faifai. Ka dai san yadda jinka ke tafiya: ba ka ganin kan kowa, sai ƙafafu. Haka ta ratso gari, mata na ta guɗa.

Iya Kande na zaune a kan turmi ta ga jinka ta shigo mata gida da ƙafafunta. Da aka ɗora aka ɗaure, ta shiga tambayar wa ya yi mata wannan. Kowa ya nuna na kusa da shi. Ta ce to, tunda ita ƙafafu kawai ta gani, bari ta gode wa wanda ya aiko su. Ta durƙusa nan cikin laka ta ɗaga hannu sama. Habila na tsaye a baya, shuci a gashinsa kamar na kowa, ba wanda ya kama sunansa, zuciyarsa kuwa fari ƙal. Ashe ɓuyan da ya sha wahalar nema a daji, a tsakiyar 'yan'uwa yake. Da yamma hadari ya sake haɗowa, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tsohuwa na ɗaki tana damun kununta, ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Don haka ɓoye sunanka in kana so, amma kada ka ɓoye aikin. Gobe akwai gayya, ka zo da fartanyarka. Hausawa sun riga sun faɗa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.