Kada Na'urar Ta Mutu

Ɗan da'irar nan na kan allon kwamfuta sai juyawa yake yi, ba gaba ba baya. Tobiya ya sake danna hoton ranar Lahadi, ya rungume hannu, ya ja tsaki.

"Har yanzu?" in ji Alisabatu daga bakin ƙofa, da galan ɗin fetur a hannunta.

"Har yanzu, Maman Murna."

Mijinta Nehemiya shi ne mai gadin rumbun magungunan Alhaji Ukasha da ke bayan Kasuwar Jalingo. Wata Lahadi da hantsi aka buɗe ƙofar baya, aka yi awon gaba da katan-katan na magani mai tsada. Ko kwaɗo ba a fasa ba. Nehemiya ya rantse coci kawai ya leƙa, ya bar makulli inda ya saba ɓoyewa. Amma wa zai saurari mai gadin da ya bar bakin aikinsa? Tun ranar yake tsare. Alhaji ya ce magana ɗaya ce: in kyamara ta nuna wani ne, shi da kansa zai je ya fito da Nehemiya, in ba haka ba sai kotu.

To, kyamarar ce ta zama aiki. Duk abin da kyamarorin rumbun suka ɗauka yana taruwa ne a wani baƙin akwati mai faifai takwas, wanda ba mai iya goge komai a cikinsa sai da lambar sirrin Alhaji. Akwatin nan kuwa ya yi nauyi kamar jakin da aka labta wa kaya. Ko hoton jiya ka nema, sai ka ci abinci ka wanke hannu bai buɗe ba.

Tobiya ne ya haɗa na'urar tun farko, kuma cocinsu ɗaya da Nehemiya. Ko kiransa ba a yi ba ya zo, duk da zazzaɓin da ya hana shi zuwa sujada a Lahadin. Ya ce ladan aiki ma ba ya so. Kowa ya sa masa albarka.

Aiki kam an ga yana yi. Ya canja waya, shiru. Ya kawo fanka wai ko zafi ne, shiru. Ya gwada faya-fayan ɗaya bayan ɗaya, duk lafiyarsu lau. Yau ya ce ƙananan fayiloli ne suka yi yawa, gobe ya ce ƙila ƙwaƙwalwar na'urar ce ta gaji. Da Alhaji ya ce a kashe komai a kai akwatin Yola, Tobiya dafe ƙirji ya yi.

"Alhaji, in aka kashe shi a wannan hali, ƙila ba zai sake tashi ba. Ko na minti ɗaya kada ya mutu. Kyamarorin ma a bar su suna aiki."

Wutar Jalingo kuwa, ai ba sai an faɗa ba. Alhaji ya ce an riga an yi masa ɓarna, ba zai ƙara da ƙona mai ba. Sai Alisabatu ta ɗauki nauyin janareta. Ta sayar da masarar da suka ajiye, ta sayar da akuyar 'yarta Murna, kullum tana tafe daga unguwarsu ta Yelwa da galan a ka. Da ta ji injin ya fara tari sai ta ruga ta zuba. Abin tausayi, wallahi. Ta kai wa Nehemiya abinci ta tarar ya rame, duk wuya ya fito, amma abin da ya ce kawai shi ne, "Ki gaya wa Tobiya Allah ya saka masa."

Ana nan, wata Talata da azahar Tobiya ya fito yana share gumi. Ya ce ya gano matsalar. Akwatin ne ya cika maƙil, kuma in ya cika, tsohon hoto yake gogewa da kansa ya rubuta sabo a kai. Da safiyar nan ya cinye Lahadin.

Alisabatu ta sauke galan a hankali.

"Ba ya dawowa?"

"Ba ya dawowa."

"To, man da nake zubawa..."

Alhaji ya yi salati, ya karkaɗe riga, ya ce shi ke nan, sai kotu. Ita ko hawayen ma ba su zo ba. Ta dubi Tobiya da jajayen idanu ta ce, "Ka yi iyakar ƙoƙarinka, Baban Rose. Allah ya gani."

Tobiya ya koma ɗakin na'ura ya tura ƙofa. Ya tsayar da aikin banzan da ya ɗora wa akwatin tun ranar farko, na kwafe tarkacen fayiloli yana cika kansa. Nan take na'urar ta koma gudu kamar sabuwa.

Allah ya gani, wannan haka yake. Amma a cikin 'yan Adam mutum ɗaya ne tak ya taɓa kallon hoton Lahadin nan, kuma har yanzu yana mamakin yadda aka yi ya manta da kyamarar ƙofar baya ranar da ya shiga ta nan, shi da ya kafa ta da hannunsa.