Sunan Ɗan Fari

Tun da aka kafa dokar makoki, duk wanda ya shekara da rashi sai ya je asibiti ya ambaci sunan mamacinsa a gaban na'ura. In murya ta yi rawa ko baki ya ƙi, sai a ba shi ƙwayar mantuwa. Maƙwabciyar Inna Hajjo ta sha, ga ta nan kullum tana tambayar takalmin waye a ƙarƙashin gadonta.

Shi ya sa da ɗan Inna ya shekara da rasuwa ta je asibitin, sai ta ɗosana a bakin kujera, ta ƙi taɓa ruwan da Malama Rakiya, mai sauraron masu makoki, ta ajiye mata. Wa ya san abin da ke ciki?

"Inna, ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Sunansa kawai za ki faɗa, ki tafi gida."

"Ke 'yar nan, ɗan fari ne fa. Shekara talatin yana raye ban kama sunansa ba, sai yau da ƙasa ta rufe masa ido?"

Fitilar na'urar ta yi ja. Malama Rakiya ta dubi ƙofa, ta rage murya.

"To, me kike ce masa in abinci ya sauka?"

Inna ta ƙura mata ido. Anya ba tarko ba ne? Amma bakinta ya riga ta.

"Kai, Wannan."

Malama ta goge sunan da ke allon na'urar, ta rubuta Wannan.

"Sake kiransa, Inna, kamar tuwon na hucewa."

Inna ta ƙwala kira, murya garau, fitila ta koma kore. Ta fita da ɗanta cikakke a ranta, amma ruwan nan dai ba ta sha ba.