Kankanar Ajin Zaure

"Ke za ki lalata muna ɗiya! Jiya wurin suna jikata ta ce mini wai mai rabo shi ka ɗauka ƙarshe. Ni! Gaban baƙin garin Isa!"

Maƙwabciyata ke nan, wadda duk naman suna a unguwarmu ta Sabon Birni ita ke raba shi, kuma cinya ba ta taɓa ɓatan hanyar gidanta ba. Na biyo ta wai in ba ta haƙuri. Wane haƙuri? Kallo na zo.

Malamar da ake wa faɗan, wadda ke tara ƙanana a zauren babanta tana koya musu adalci da rabo, ta russuna. "To Inna, nuna muna rabon manya." Ta miƙa mata wuƙa da kankanar da ta kawo wa ajin.

Baiwar Allah ta gyara ɗaurin zane ta hau yanka. Hannu ya riga ya saba: yanki guda kamar kan rago, sauran kuwa kana hango rana ta cikinsu.

Tana miƙa hannu, yaran suka haɗa baki: "Mai rabo ƙarshe!"

Jikar tata ta rungumi ƙaton yankin da hannu biyu. Kowa ya ɗauki nasa, aka bar wa Inna wani siriri kamar farce. Dariya ta ci ni har ɗankwalina ya faɗi.

"Za ni gaya wa ubanki!" in ji Inna, tana nuna malamar da yatsa.

Ta suri siririn yankinta, ta fice, ta buga ƙyaure garam!