Fure a Kunnen Hagu

Baƙin da nake yi wa jagora a gaɓar tekun ƙauyen Taga suna ta ihun murna, ruwan teku na fesowa daga ramin dutsen da wuta ta ƙone. Faleniko, direbanmu, kunnena yake kallo.

"Fuatino, ashe an riga ni. Wane ne mai sa'ar?"

Na taɓa furen da na saƙala a kunnen hagu, alamar mai miji a al'adarmu. Kunya ta rufe ni.

"Babu kowa," na ce, kaina a ƙasa. "Don baƙi su ƙyale ni ne."

"To, ni ɗan gida ne."

Na mayar da furen kunnen dama, gefen 'yan mata. Wata tsohuwa mai sayar da kwakwa kusa da mu ta tuntsire da dariya.

"Sai yau, 'yar nan? Duk Taga ta gaji da jiranku!"