Sandar Kaka a Maƙogwarona

A shekarar farin da gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, kakana na Unguwar Lalle ya riga ya kurumce. Sai an yi ihu yake ji, ni kuwa kunya ba ta barina in ɗaga murya, don haka bai san yadda maganata take ba. "Bebiyar amaryata" yake kirana yana dariya, abin kuwa yana ci mini rai.

Wata la'asar na tarar da shi a gindin aduwa yana kallon sama, babu ko gajimare. A ranar malaminmu ya gaya mana cewa can cikin kunne akwai wani abu mai kama da katantanwa, shi ke mayar da girgiza ta zama sauti, kuma girgizar tana iya isa gare shi ta ƙashi.

Na ɗauki sandarsa, na yi masa nuni ya ciji kanta.

"Ke ɗiyag ga, yunwa har ta kai mu ga cin icce?" in ji shi. Amma ya ciza.

Na danna ɗaya bakin a maƙogwarona. Har yau ina jin ƙanshin sandar nan, na man shanu da hayaƙi, kuma daɗi yake mini. Na ce, "Kaka, ina wuni?"

Ya saki sandar, idanunsa suka ciko.

"Lahiya lau, amarya. Ashe muryar marigayiya kakarki gare ki! Ƙara hwaɗi."

Ya sake cizon sandar yana jira.