Jar Motar Sulle Direba

Kafin rana ta ɗaga Sulle ya gama wanke ta. Ba ya yarda kowa ya kama masa. Da tafin hannu yake bin jikinta daga hanci har ƙofar baya, in ya ci karo da ƙarzuwa, ko ta farce ce, sai gidan duka ya ji a jikinsa.

Mota ce ja, 'yar dunƙule kamar an datse mata wutsiya, mai faffaɗan taya da salansa mai gurnani. Shekara talatin Sulle ya yi yana jan tirela daga Kano zuwa kudu. Da ya ajiye aikin sai ya saye ta, ya ce ya gaji da giwa, barewa yake so. Kullum da safe shi da matarsa Mas'uda suke fita daga Unguwar Hajji zuwa shagonsu na iri da taki a Rogo, su dawo bayan la'asar. Buhu biyu kacal take ɗauka, cikinta na gugar ƙasa a kowane tudu, mai kuwa kamar fura take sha. In ta gifta majalisa, hira takan tsaya cak.

Yayansa Mijinyawa abin ya fi tsaya wa a rai. Wata Juma'a ya zo da dillali har ƙofar gida.

"Sulle, ka dubi halin da kake ciki. Me mutum irinka zai yi da wannan? Kullum kai da iyalinka a titi, ana nuna ku da baki. Ka sayar, a sayi a-kori-kura, a ba wani ya ja, kai ka zauna ka huta."

"Yaya, hutun da kake faɗa a kabari ake yin sa. Masu nuni kuwa su yi ta yi, bakinsu ne zai gaji."

Dillalin ya ɗan shuri taya. Sulle bai ko juya ba ya ce, "Sake shurin ta, ka ga yadda ake shuri."

Mijinyawa ya kaɗe riga ya yi rantsuwa: ƙafarsa ba za ta taɓa shiga motar nan ba. Wata biyu ko gaisuwar kirki babu tsakaninsu.

Sai kaka ta zo. Ranar wata Talata da hantsi suna shago waya ta buga. Shitu ne, maƙwabcin gonar Mijinyawa ta wajen Gwangwan. Wai Mijinyawa ya sa hannu zai ɗaga tarin gyaɗa, kububuwa ta sare shi. An ɗora shi a babur ya kasa zama, kuma dasashinsa ya fara jini.

Shagon a buɗe suka bar shi.

A bakin gona aka kwantar da Mijinyawa a kujerar baya, kansa a cinyar Shitu, hannu ya kumbura har gwiwa. Da ya gane inda yake sai ya fara yunƙurin tashi.

"A fitar da ni. Mutuwa ɗaya ta ishe ni, ba sai an haɗa mini biyu ba."

"Kwanta, Yaya," in ji Sulle. "In ka warke ka yi kaffara."

Asibitin da ke da allurar dafin yana Karaye, hanyar kuwa damina ta cinye ta. Amma Sulle ya san ta kamar yunwar cikinsa. Ya sauke gilashi don ya riƙa jin taya. Aka taka, motar ta yi tsalle ta fita daga yashi.

"Rami bayan kwalbati," ya ce. Motar ta kauce dama. "Giya ta uku." Injin ya yi kuka, ta haye tudun kamar an harba ta. Shitu ya runtse ido yana salati.

Da suka hau kwalta allurar gudu ta wuce inda ta saba tsayawa. Wata motar gyaɗa ta tare hanya, ƙaho ya tsaga iska, suka wuce ta a wani ɗan tsukun da ko amalanke zai yi shakka. Can gaba, kafin wata kwana, Sulle ya karkata kai. Ya jiyo kukan maraƙi da muryar makiyayi.

"Birki!"

Taya ta yi ƙara, ƙauri ya tashi. Suna shan kwanar ga garke ya cika titi, hancin motar taku biyu tsakaninsa da bijimin gaba. Makiyayin ya leƙa ciki, ya ga mai kwance, ya ga masu zaune a gaba, ya riƙe baki, sannan ya shiga kora da sauri.

Mijinyawa ya daina magana. Sai numfashi sama-sama.

"Yaya! Zage ni mana. Ina bakin naka?"

"Mai... taurin kai," ya ce da ƙyar.

"Yauwa. Ci gaba."

A ƙofar asibiti aka ɗauke shi da gudu. Sulle bai fita ba. Ya zauna yana jin injin na huci, yana jan carbi, har malamin asibitin ya fito wajen azahar ya tsaya a gefen motar.

"Alhaji, ya tsallake. Da kun ƙara rabin awa da wani zancen ake. Shitu ya ce daga Gwangwan kuke. Wannan tuƙi, ai sai tsohon hannu."

Sulle ya yi dariya har haƙoransa suka fito. "Ka shiga ka maimaita wa Yaya haka, da ƙarfi, yadda na majalisa ma za su ji."

Mas'uda ta zare makulli, ta gyara mayafinta, ta fito daga bayan sitiyari ta zagayo ta kama hannun mijinta, kamar yadda take yi kullum shekara shida ke nan, tun ranar da idanunsa suka rufe.